Kano Daga Kan Dala: Hoton 1851 da Idon da Aka Aro Daga Holan

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin tarihin ƙasar Hausa, ko ya leƙa shafukan tsofaffin hotuna a Facebook, da wuya bai ci karo da shi ba. Birnin Kano ne shimfiɗe kamar tabarma, ana hangensa daga kan Dutsen Dala, soraye da bukkoki sun cakuɗa da itatuwa har inda ido ya gaza, sama kuma ta lulluɓe su da faɗinta. A ƙarƙashi akan rubuta "Kano, 1851", sai jama'a su shiga sharhi, wani ya ce dubi tsafta, wani ya ce dubi tsari, wani ya ja tsaki ya ce mun lalace. Kowa yana magana kamar kyamara ce ta ɗauke shi.

Zane ne, kuma hannu biyu ne suka yi shi. Mai hannu na farko ya hau Dala da ƙafarsa. Mai na biyu bai taɓa taka ƙasar Kano ba.

Na farkon shi ne Heinrich Barth, Bajamushe ɗan birnin Hambug, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Gwamnatin Birtaniya ce ta ɗauki nauyin tafiyar. Sun baro Turabulus a 1850 shi da James Richardson da Adolf Overweg, kuma shi kaɗai ya koma gida da rai a cikin su ukun. Ya shigo Kano a farkon Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, ya sauka a unguwar Dala, ga zazzaɓi ga talauci, domin kayan da ya dogara da su ba su yi kuɗi a kasuwa ba. A cikin wannan hali ne ya hau dutsen ya yi zanen fensir na abin da ya hango. Da ya koma Turai a 1855 ya zauna rubuta littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito da Turanci da Jamusanci a 1857 da 1858, sai aka miƙa zane-zanensa ga wani gwanin zane na birnin Munik mai suna Johann Martin Bernatz. Bernatz ya san Masar da Falasɗinu, ya kuma yi zama a Habasha tare da tawagar Birtaniya da ta je Shawa a farkon shekarun 1840. Da wannan sani, da kuma tarbiyyar da ya samu a gidan masu zane, ya cike abin da fensirin Barth ya bari: haske, launi, inuwa, da nauyin gajimare. Daga nan aka buga hoton ta hanyar zana shi a kan faffaɗan dutse, a shafa tawada, a danna takarda.

To, tambayar da ta dame ni ita ce wannan: wa ya koya wa Bernatz cewa haka ake kallon gari? Hawa tudu, a ba sama rabo mafi girma, a mayar da mutane ƙanana kamar tururuwa, a bar ido ya yi tafiya daga duhun gaba zuwa hasken nesa, duk wannan al'ada ce da aka koya, kamar yadda ɗinkin aska takwas al'ada ce. Turawa sun daɗe suna zana birane daga sama kafin lokacin, amma inda wannan kallo ya nuna ya zama sana'a mai cin gashin kanta shi ne ƙasar Holan, a ƙarni na 17. Kalmar da Turanci ke amfani da ita ga irin wannan zane ma daga harshen mutanen Holan aka aro ta wajen shekarar 1600. Masu zanen Munik na zamanin da Bernatz ya taso sun yi karatun ayyukan Holan sosai, kuma babban gidan adana zane na birnin, wanda aka buɗe a 1836, cike yake da su.

Abin da ya haifar da sana'ar a Holan zai ba Musulmi mai karatu mamaki, domin rikici ne a kan gumaka. A 1566 mabiya sabuwar aƙidar Furotesta suka bi majami'u suna farfasa mutum-mutumi da hotunan waliyyai. Inda mazhabar Calvin ta yi rinjaye, aka shafe bangon coci da farar ƙasa, aka bar shi fayau. Mai zane da a da coci ce ke ciyar da shi ya wayi gari babu uban gida. Sarki ma babu, domin lardunan arewa sun yi wa Sifaniya tawaye, yaƙin da aka fara a 1568 bai ƙare ba sai 1648. Wanda ya rage da kuɗi a hannu shi ne ɗan kasuwa: mai jirgin ruwa, mai giya, mai yadi, mai hannun jari a kamfanin cinikin Gabas da aka kafa a 1602. Shi kuwa abin da yake so ya rataya a ɗakinsa shi ne garinsu, koginsu, shanunsu. Wani Bature ɗan Ingila, John Evelyn, da ya je kasuwar shekara ta Rotadam a 1641, ya rubuta mamakinsa na yadda zane ya yi yawa ya yi araha, har manoma na zuba jarinsu a ciki.

Kasuwa tana da hukuncinta a kan salo. Jan van Goyen, wanda ya rasu a 1656, ya bar zane sama da 1,000, kuma sirrinsa sauri ne: launi kaɗan, ruwan ƙasa da toka-toka da ɗan kore, fenti shafal-shafal, sama ta cinye kashi biyu cikin uku na allon. Masana suna yabon wannan salo da cewa ya kama hazon ƙasar da damshinta, kuma gaskiya ne. Amma launi kaɗan yana nufin kuɗi kaɗan da lokaci kaɗan, wato farashin da talaka zai iya. Duk da haka mutumin ya mutu da bashi a wuya, bayan ya yi asara a hauka irin ta cinikin furen tulif da ta fashe a 1637. Meindert Hobbema kuwa, mai zanen nan na hanya miƙaƙƙiya tsakanin dogayen itatuwa a Middelharnis na 1689, da ya samu aikin awon gangunan giya a hukumar birnin Amsterdam a 1668 sai ya rage zane ƙwarai. Albashi ya fi tabbas, a can ma.

Akwai kuma dalilin da ya sa ƙasa ta zama abin alfahari a wurinsu fiye da sauran Turawa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Holan yana ƙasa da bakin teku. Gonaki da yawa da hannu aka ƙwato su daga ruwa. Tafkin Beemster, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 70, attajiran Amsterdam ne suka haɗa kuɗi aka kewaye shi da ganuwar ƙasa, aka kafa injinan da iska ke juyawa fiye da 40 suka zuƙe ruwan, zuwa 1612 ya zama makiyaya. Saboda haka idan ɗan Holan ya ga injin iska a zane, abin da ke zuwa ransa ya wuce ado. Wannan na'ura ce ta hana gidansa nutsewa. Saniya mai ƙiba a bakin kogi, irin waɗanda Aelbert Cuyp ya yi suna da su, cuku ce da man shanu da kuɗin shiga, har ma an sha kwatanta ƙasar kanta da saniyar tatsa a zane-zanen siyasa na lokacin. Bafulatanin Roni ko Gwiwa ba ya buƙatar wani farfesa ya yi masa bayanin wannan.

Babban gwaninsu shi ne Jacob van Ruisdael, haifaffen Haarlem, wanda ya rasu a 1682, kuma a kansa nake so mu daɗe. A wajajen 1670 ya yi jerin zanen garinsu da suka yi farin jini har aka ba su suna na kansu. Yakan tsaya a kan tudun rairayin da ke yamma da gari, wato jigawa dai, irin wadda jiharmu ta samo suna daga gare ta. Can nesa sai ka ga Haarlem siririya kamar zare, babbar majami'ar Bavo ta yi wa komai zarra. Sama ta ɗauke mafi yawan allon, gajimare ya taru yana barin rana ta faɗo a wani fili ta bar wani cikin inuwa. A gaba kuma, inda hasken ya sauka, dogayen yadudduka ne farare an shimfiɗa a kan ciyawa. Wannan ita ce sana'ar da Haarlem ta shahara da ita: farar da yadin lilin. Ana kawo shi daga ƙasashe daban-daban, a dafa shi da ruwan toka, a jiƙa shi cikin tsala, a shanya a rana ana yayyafa masa tsabtataccen ruwan da ke tsattsafowa daga jigayi, ana maimaitawa har tsawon watanni.

Me zanen ke cewa? A nan masana suka rabu. Josua Bruyn, a wani rubutu na 1987, ya ce wa'azi ne: farin yadi tsarkin rai ne, matafiyi a kan hanya ɗan Adam ne a duniya, hasumiyar coci a nesa ita ce makoma. Svetlana Alpers, a littafinta na 1983, ta ce a daina neman tafsiri a ƙarƙashin kowane dutse, mutanen nan masu awo ne da taswira da gilashin hangen nesa, burinsu su siffanta abin da ido ya gani. Ni ina ganin kowannensu ya riƙe ƙafa ɗaya ta gaskiya ya ce ita ce dabbar. Takardar aƙidar da cocinsu ke bi tun 1561 ta kwatanta halitta da littafi wanda ake karanta ikon Ubangiji a cikinsa. Mutumin da ya tashi da wannan tarbiyya, siffanta gajimare daidai yadda yake ibada ce a wurinsa, ba sai ya ɓoye wata alama a ciki ba. Mu da aka rene mu da kiran ruwan sama da rayuwar ƙasa bayan mutuwarta ayoyi, mun fi Baturen yau saurin gane wannan. Kuma attajirin da ya sayi zanen yana iya ganin wa'azin da jarinsa a lokaci guda, ba tare da ya ji wani saɓani ba. Alhazan Kantin Kwari sun san yadda ake haɗa biyun.

Abin da babu gardama a kansa shi ne Ruisdael yana gyara wa ƙasa zama. Fadar Bentheim da ke kan iyakar Jamus a kan ɗan tudu take, shi kuwa ya ɗora ta a kan tsauni. Ya yi ta zana ruwa mai zubowa daga kan duwatsu irin na Norway alhali bai je can ba, a wurin wani abokin sana'arsa da ya je ya gani. Zanensa na maƙabartar Yahudawa, wanda akwai ɗaya a Dresden ɗaya a Detroit, ya fi kowanne tona asirin hanyar. Kaburburan na gaske ne, suna nan a Ouderkerk kusa da Amsterdam. Amma kangon ginin da ke bayansu, da rafin da ke ratsa tsakani, da busasshen itacen da ya karkata, da bakan gizo, duk shi ya kawo su ya dasa, don mai kallo ya tuna mutuwa da abin da ke bayanta. Kowane ɓangare kamar gaske, haɗuwarsu kuwa shiri ne. Wannan zanen ne Goethe ya yaba a 1816 har ya kira mai shi mawaƙi, kuma a cikin wannan yabo Jamusawan zamanin Bernatz suka girma.

Irin wannan ido, da ya fita waje, ya nuna wani hali. A 1637 wani ɗan Haarlem, Frans Post, ya bi gwamna Johan Maurits zuwa yankin Birazil da Holan ta ƙwace. A wannan shekarar dai gwamnan ya tura jiragen da suka karɓe sansanin Elmina, a Ghana ta yau, daga hannun Fotugal, domin gandayen rake suna buƙatar bayi. Post ya koma gida a 1644, ya shafe sauran rayuwarsa yana zana Birazil daga ɗakinsa a Haarlem: sama mai faɗi, kogi kwance, injin matse rake, da baƙaƙen mutane ƙanana suna tafiya ko suna hutawa a bakin hanya. Babu bulala a ciki, babu hannun da injin ya cinye. Haka nan sanannen hoton birnin Benin da ke cikin littafin Olfert Dapper na 1668 a Amsterdam aka sassaƙa shi, kuma Dapper bai taɓa zuwa Afirka ba. Har yau ana sa shi a littattafan makaranta a Najeriya.

Yanzu mu koma Dala. Sa'ar da muka yi ita ce Barth ya bar rubutu mai yawa, don haka ana iya aza hoton kusa da maganar mai shi. Ya ƙiyasta mazauna Kano 30,000, suna ninkawa a lokacin fatauci. Ya ce abin da ake fitarwa na saƙa da rini ya kai aƙalla wuri miliyan 300 a shekara, kuma Tambutu kaɗai tana karɓar kayan raƙumi 300. Kano ke nan a matsayin Haarlem ta Sudan, sai dai can fari ake nema, nan baƙi mai sheƙi: baba da toka da katsi a marina, sannan mabuga su daka shi har ya yi ƙyalli. Da Ruisdael ne a kan Dala, ina kyautata zaton karofi zai sa a gaba, ya saukar da rana a kan shanyar turkuɗi. Amma littafin Barth na masu karatun Landan da Balin ne, waɗanda abin da suke so su sani shi ne ko akwai babban birni mai zaman lafiya a tsakiyar Afirka da za a iya ciniki da shi. Hoton ya amsa musu da e.

Abin da nisa ya haɗiye, alƙalami ya faɗa. Barth ya koka da ƙazantar da ke kewaye da Jakara a gefen kasuwar Kurmi, ya ɗora mata laifin rashin lafiyar gari. Ya siffanta rumfar da ake jera bayi don sayarwa, ya kuma ƙiyasta waɗanda ake fitarwa daga Kano da kusan 5,000 a shekara, ban da masu yawa da ake riƙewa a gida. Audugar da baban da suka yi wa Kano suna, wani kaso nasu daga gandaye da rumada ya fito, irin na Fanisau. Daga kan dutse ba a jin wari, ba a ganin mari a ƙafa. Masu cewa dubi tsafta, dubi tsari, suna yaba aikin tazara ne da gwanintar Bernatz.

Akwai wani abu kuma da hoton bai san da shi ba sam. A wurin Barth, Dala wurin tsayawa ne a ga gari. A wurin Kanawa shi ne abin kallon. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci da shi ya buɗe: Barbushe, daga zuriyar Dala, mai hidimar Tsumburbura, wanda yakan fito wa jama'a ya gaya musu abin da zai faru, har da zuwan baƙon da zai mulke su. Alama mafi nauyi a duk faɗin birnin tana ƙarƙashin takalmin mai zanen, don haka ba ta fito a matsayinta ba.

Me ya sa mu ba mu yi namu ba? Amsar da ake saurin bayarwa ita ce addini, kuma ba ta gamsar da ni. Sananne ne a littattafan hadisi cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ke nan dutse da kogi da gona su ne ƙofar da aka bari a buɗe. Dalilin ya fi kusa da kayan aiki da kasuwa. Takarda daga Italiya take zuwa ta Sahara, mai tambarin jinjirin wata uku, tsadarta ta sa ta zama ta Alƙur'ani da fiƙihu da wasiƙun sarakuna. Attajirin da ke son a san ya samu, bangon gidansa yake ba magina su yi masa dagi da zanko, ko ya sa riga mai aska, ko ya yi wa doki kwalliya. Gwanintar da ta tafi allon fenti a Haarlem, a nan ta tafi ga irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830.

Siffanta ƙasa kuwa baki aka bar wa. Yana cikin kirari, yana cikin waƙa, ya fi yawa a sunayen wurare. Gwauron Dutse hoto ne cikakke a kalma biyu: dutse tsaye shi kaɗai, ba mata ba ɗa. Rimin Gado, Tudun Wada, Dutsin-Ma, kowanne ya gaya maka abin da za ka tarar. Labarin da ake bayarwa a kan sunan Kazaure ma haka yake: an ce wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya hango wurin a tsakanin duwatsu ya ce kamar zaure. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ya nuna yadda Bahaushe ke karanta ƙasa. Ɗan Holan ya hau tudu ya ga fili har ƙarshen duniya. Maharbinmu ya ga ɗaki mai bango da ƙofa, wurin da za a iya tarewa a kare kai, kuma hakan ne ya amfani Ɗan Tunku da zuriyarsa lokacin da suke kafa masarauta a 1819 suna ja da Kano.

Yau bangon falonmu ya cika da hoton ƙasa, amma ta wasu ce: tsaunukan ƙanƙara a kalanda, korama a labulen mai hoto, gidan katako a bakin tafkin da ba mu san sunansa ba. Tun 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don ƙin kwaikwayon Turai ido rufe, kuma sashen nan yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye ɗalibai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin ɗan kasuwar Haarlem, mai ciro kuɗi ya ce a zana masa duwatsun Roni da kaka, ko dam ɗin Kazaure da sassafe. Mun fi sanin Holan a jikin atamfa, wadda ita ma wani kamfanin Haarlem na cikin waɗanda suka fara buga wa Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19.

Duk da abin da na faɗa, hoton Dala yana da shaidar da za a iya karɓa, idan aka tsaya ga inda ya dace da taswirar da Barth ya zana da kuma rubutunsa. Sun haɗu a kan cewa babban ɓangare na cikin badala fili ne da gonaki, kuma tsakanin gidaje akwai makiyaya, da dabino da gwanda da rimi, da kududdufai masu kainuwa waɗanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Waɗannan kududdufai su ne ke shanye ruwan damina. Wanda ya hau matakalar Dala a bana zai hango kwano da siminti har bayan inda badalar ta taɓa tsayawa, an cike kududdufai da yawa an yi shaguna a kansu, ruwan Agusta kuma yana shiga ɗakunan mutane a unguwannin da Barth ya ga shanu suna kiwo.